Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ragowar Kicin da Yadda Ake Mayar da Ita Taki

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. Makon jiya mun rabu a kan wutar lantarki, ƙwan fitila da firji. Yau tafiya ta kawo mu shekarun da aikina ya koma kan shara, kuma zan bar aikin ya cinye wannan kashin gaba ɗaya. Cikin duk abubuwan da ake cewa mutum ya yi a gidansa saboda muhalli, ban ga wanda ya kai sarrafa ragowar kicin amfani ba. Ban kuma ga wanda ake farawa da ɗoki a watsar kafin wata ya zagayo kamarsa ba.

Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da abinci tan biliyan 1.05, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. In aka raba na gidajen kaɗai, kowane mutum ya zubar da kimanin kilo 79 a shekara, har da ɓawo da ƙashi. Matsalar ba ta tsaya a asarar abincin ba. Idan ɓawon ayaba ya isa juji cikin ƙullin leda, wata shara ta danne shi, sai ya ruɓe ba tare da iska ba. Irin wannan ruɓewar ita ke haifar da iskar metan, wadda a tsawon shekara 100 take riƙe zafi kusan ninki 28 na iskar kabon dayokzaid. Ɓawon nan dai, in ya ruɓe a wurin da iska ke ratsa shi, kabon dayokzaid da tururi da taki zai bayar. Bambancin duk a iska yake, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba hanya ce ta kai iska cikin tsibin kayan da ake mayarwa taki.

Kafin a zo ga tsibin, abin da ba a zubar ba ya fi wanda aka mayar taki. A bar firji a digiri 4 na ma'aunin Salsiyas ko ƙasa da haka. A ajiye ayaba da tumatir da tuffa nesa da sauran ganyayyaki, domin suna fitar da iskar etilin mai gaggauta nuna. Wannan a taƙaice ke nan.

Masu aikin taki sun kasa kayan gida biyu: ɗanye da busasshe. Ɗanye shi ne ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace, tukar shayi da kofi, sabuwar ciyawa, kashin kaji ko na shanu. Busasshe shi ne ganyen da ya zubo, karan hatsi, kwali, tsohuwar jarida, garin katako. Ƙwayoyin bakteriya da fumfunar da ke yin aikin suna cin kabon don samun ƙarfi, suna gina jikinsu da naitirojin, kuma sun fi sakewa idan akwai kabon kashi 25 zuwa 30 a kan kowane kashi 1 na naitirojin. A wannan lissafin na kabon a kan naitirojin, ragowar kayan lambu tana wajen 15 zuwa 20, kashin kaji wajen 10, busasshen ganye wajen 60, garin katako kuwa ya haura 300. Babu mai ɗaukar kalkuleta ya shiga bayan gida, saboda haka a aikace lissafin shi ne bokiti 2 zuwa 3 na busasshe a kan bokiti 1 na ɗanye. In garin katako ne, rabin bokiti ya isa, don yana da nauyin kabon sosai kuma yana toshe iska idan ya jiƙe.

A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa. Kicin kullum yana ba da ɗanye, amma ba ya ba da busasshe. Mutum zai sayi durom mai kyau, ya yi ta zuba ɓawo a kan ɓawo, bayan kwana goma abin ya zama kwaɓaɓɓen taɓo mai wari, iyali su ce ko a fitar da shi ko su fita. Don haka shawarata, kada ka zuba ɓawo ko ɗaya sai ka tara buhu biyu na busasshen ganye ko yagaggen kwali, ka ajiye su kusa da wurin, inda ruwa ba ya taɓa su. Kwalin a cire masa salatif da ƙusoshin ƙarfe, a yayyaga shi kamar faɗin tafin hannu. Mai sheƙi, wanda aka shafe da roba, ba ya shiga.

Wurin ya zama mai inuwa, a kan ƙasa ba siminti ba, kuma ba inda ruwa ke kwanciya ba. A fara shimfiɗa ƙirare da kara mai kauri santimita 10 zuwa 15, su ne ƙofar iska ta ƙasa. Sai busasshe, sai ɗanye, sai busasshe, ana yayyafa ruwa a kowane hawa. A sassara komai kada ya wuce santimita 5. Hawa na ƙarshe kullum busasshe ne, ko da kuwa ɓawon albasa ɗaya ka zuba, ka rufe shi.

Laima kuma ana son ta tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Ka damƙi kayan daga tsakiyar tsibi ka matse da ƙarfi. Ya kamata ka ji shi kamar soson da aka matse: tafinka ya yi damshi, ɗigo ɗaya ko biyu su fito. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. In ka buɗe hannu kayan suka warwatse, ya yi ƙishi.

Hanyoyi biyu ne, kuma gara mutum ya san wadda yake kai tun farko. Ta zafi tana bukatar tsibi mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, tsayin mita 1, a haɗa shi rana ɗaya. Ƙasa da haka zafin yana tserewa, sama da mita 1.5 kuma nauyi yana matse tsakiya iska ta kasa shiga. In haɗin ya yi daidai, cikin kwana 2 zuwa 4 tsakiyar za ta kai digiri 55 zuwa 65. Wannan zafin ne ke kashe 'ya'yan ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya soka rodi har tsakiya, ya bar shi minti goma, ya zaro. In ya kasa riƙe bakinsa fiye da 'yan daƙiƙu, aiki na tafiya. Idan zafin ya doshi digiri 70, ƙwayoyin da ke yin aikin su kansu sun fara mutuwa, sai a juya. Juyawar ma da ƙa'idarta: na gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya dawo gefe. Albert Howard ne ya tsara wannan jeri na hawa-hawa da juyawa a garin Indore na Indiya a shekarun 1920, daga abin da ya gani wurin manoma. Daga baya Robert Raabe na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna cewa in ana juyawa kullum ko bayan kwana biyu, taki na iya haɗuwa cikin mako 2 zuwa 3. Gaskiya ne, amma aiki ne na mai ƙarfin baya da kayan da suka isa.

Gidan da ke fitar da rabin bokiti a rana ba zai taɓa cika mita guda a lokaci ɗaya ba, saboda haka tasa ita ce hanyar sanyi, kuma ita nake ba yawancin mutane shawara. A samu durom na lita 100 zuwa 200, a yanke gindinsa, a huhhuda jikinsa da ramuka masu faɗin santimita 1, tazarar santimita 10 tsakaninsu. A shimfiɗa ragar waya mai ido milimita 6 a ƙasa saboda ɓeraye, a ɗora durom ɗin, a yi masa murfi. Ana zubawa kullum, ana motsawa da sanda sau ɗaya a mako. Wata 6 zuwa shekara yake ɗauka. Tunda ba ya yin zafi, kada a saka masa ciyawar da ta yi 'ya'ya ko shukar da cuta ta kashe, don za su fito da ransu. Durom biyu sun fi ɗaya: ɗaya na cika, ɗaya na nuna.

Hanci shi ke fara kawo rahoton matsala. Warin fitsari mai hawa ka amoniya ce, wato ɗanye ya yi yawa kuma naitirojin ɗinka na gudu sama. A ƙara kwali a cuɗa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ko tsami na nufin iska ta ƙare, yawanci saboda ruwa ko dannewa. Wannan sai an zazzage tsibin gaba ɗaya, a bar shi ya sha iska yini guda, a sake ginawa da kara a tsakani. Yayyafa busasshe a sama kawai ɓoye warin yake yi. Tsibin da ya yi shiru, babu zafi babu wari, ko dai ya bushe ko ɗanye ya gaza. A gwada matsi tukuna, domin sau da yawa ruwa ne kawai. Tururuwa ma alamar bushewa ce. Ƙananan ƙudaje na nufin an bar ɓawon 'ya'yan itace a fili. Manyan tsutsotsi masu launin toka da jiki gaɓa-gaɓa kuwa na baƙin ƙudan soja ne, ba sa cizo, kuma sun fi kowa saurin cinye ragowa, a ƙyale su. Farin abu mai kamar zare a jikin ganye fumfuna ce tana aikinta.

Nama, kifi, ƙashi, mai da madara ba sa shiga takin gida, su ne ke kiran ɓeraye. Kashin kare da na kyanwa ma haka, na kyanwa yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke da haɗari ga mai juna biyu. Tokar itace a yi hankali da ita, ɗan barbaɗe ya isa, domin tana rage tsamin tsibi har naitirojin ya tashi ya bi iska. Ɓawon ƙwai yana shiga, amma in ba a daka shi ba za ka same shi yadda ka saka shi bayan shekara. Ledar da aka rubuta wa cewa tana ruɓewa, yawancinta sai a masana'antar taki mai riƙe zafi kusan digiri 58 na makonni. A durom ɗin gida haka za ta zauna. Wasu jakunkunan shayi ma da roba aka liƙe su, a farke a zuba ganyen kawai.

Akwai tarko guda da ke kama har ƙwararru. Wasu magungunan kashe ciyawa, irin su aminopiralid, suna ratsa cikin dabba su fito a kashinta, su wuce ta cikin taki ba su mutu ba. In ba ka san abin da dabbar ta ci ba, ka shuka wake a tukwane biyu, ɗaya da takin, ɗaya da ƙasa zalla. Bayan mako 3, in ganyen na cikin takin ya murɗe ya ƙanƙance, kada takin ya je kusa da tumatir ko dankali.

Takin da ya nuna baƙi-baƙi ne, yana marmashewa a hannu, yana ƙanshin ƙasa, kuma tsibin ya sauka zuwa kusan rabi. Ko ya kai haka a bar shi ya huta mako 4. Don tabbatarwa, a ƙulle damƙi ɗaya mai laima a leda kwana 3. In aka buɗe aka ji tsami ko amoniya, da saura. Gaggawa a nan tana da tsada, domin takin da bai nuna ba yana ci gaba da ruɓewa a cikin ƙasa, ƙwayoyin suna ƙwace naitirojin daga saiwa, ganye ya yi rawaya. A tankaɗe da rariya mai ido santimita 1, tsakin ya koma sabon tsibi.

A kwamin lambu a baza kaurin santimita 2 zuwa 5, a cuɗa da santimita 15 na saman ƙasa. A tukunyar shuka kashi 1 na taki, kashi 2 ko 3 na ƙasa. A gindin bishiya a zagaya shi, kada ya taɓa kututture. Kada kuma a sa masa ran da ba nasa ba: naitirojin ɗinsa kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100, na takin yuriya 46. Ƙarfinsa yana wajen gyara jikin ƙasa, yashi ya riƙe ruwa, laka ta saki. Wanda ba shi da shuka ko ɗaya ya miƙa wa maƙwabci mai lambu, ba zai dawo da buhunsa a cike ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga ruwan wanka da na wanki: wanda za a iya ba shuka, wanda ba za a iya ba, da dalilin da ya sa ba a ajiye shi ya wuce awa 24.