Ratsin ganye a gaɓa yake zaune: dashen tsirran gida masu launi biyu a Legas

Duk wanda yake bin titunan Ikeja ko Ikoyi ko hanyar Lekki ya saba ganin masu sayar da furanni sun jera tukwane a bakin hanya, kuma a cikinsu akwai 'yan uwanmu 'yan Arewa da dama waɗanda suka daɗe a wannan sana'a. A 'yan shekarun nan tsirran da suka fi jan ido a wurinsu, suka kuma fi tsada, su ne masu ratsin fari ko ruwan ɗorawa a jikin koren ganye. Kukan da na fi ji daga masu sha'awar irin waɗannan tsirrai guda ɗaya ne: mutum ya yanki reshe daga tsiro mai kyawun ratsi, ya dasa, ya kama, amma duk ganyen da ya biyo baya sai ya fito kore shar, kamar ba daga wannan uwar aka ciro shi ba. Wasu suna ɗora laifin a kan mai sayarwa, wasu a kan ƙasa ko ruwa. A ganina, galibi matsalar tana farawa ne tun daga inda aka ɗora wuƙa.

Abin da ke sa ganye ya zama kore shi ne wani sinadari da ake kira kulorofil, wanda da shi ne tsiro yake kama hasken rana ya haɗa abincinsa daga ruwa da iska. Wurin da ya yi fari a jikin ganye ba shi da wannan sinadari, saboda haka ba ya samar da abinci, koren ɓangaren ne yake ciyar da shi. A yawancin tsirran da muke sha'awa, irin su Monstera mai ratsin fari, da Philodendron mai ruwan hoda, da Syngonium mai dabbare-dabbare, ƙwayoyin halitta iri biyu ne suke zaune tare a jiki ɗaya, masu iya yin kulorofil da waɗanda ba sa iyawa. Tun a shekarar 1909 wani masanin tsirrai Bajamushe mai suna Erwin Baur ya yi nazarin furen Pelargonium mai farin gefen ganye, ya nuna cewa rukunin ƙwayoyi marasa launi ne suka lulluɓe kore daga waje. Wannan cakuɗa tana zaune ne a ɗan ƙanƙanin wurin da toho yake fitowa. Idan tohon ya taso daga inda iri biyun suka haɗu, reshen zai yi ratsi. Idan ya taso daga inda kore kaɗai yake, kore zai yi ta haifarwa.

Ba kowane ratsi ne yake da wannan rauni ba, kuma ya kamata mutum ya san wanda yake hannunsa kafin ya wahalar da kansa. Zanen da ke jikin ganyen Calathea da Aglaonema da Dieffenbachia, da launukan Croton da ake shinge da shi a gidaje da yawa a nan Legas, duk suna cikin gadon tsiron, saboda haka duk reshen da ya kama zai fito da su matuƙar ya sami hasken da yake buƙata. Ruwan azurfar da ke jikin Scindapsus kuwa iska ce da ta maƙale a ƙarƙashin fatar ganyen take mayar da haske, ita ma ba ta ɓacewa a dashe. Waɗannan ba su da wahala, ba zan tsaya a kansu ba.

Misalin da ya fi koyar da ni shi ne moɗa, wadda masu furanni suke kira Sansevieria, tsiron da asalinsa na yankinmu ne, daga Najeriya har zuwa Kwango. Akwai nau'inta mai ruwan ɗorawa a gefen ganye da ake kira Laurentii, sunan da aka ɗauko daga Emile Laurent, masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam. Moɗa tana da saurin kamawa ƙwarai, domin ko ganye ɗaya aka yanyanka gunduwa-gunduwa aka soka a yashi, kowane yanki zai iya yin saiwa ya yi toho. Sai dai tohon da ke fitowa daga yankakken ganye daga rukuni ɗaya na ƙwayoyin yake tasowa, galibi koren, don haka ɗan da za a samu zai zo da zanen nan na kwance mai duhu da haske, amma ruwan ɗorawan gefen ya tafi ke nan. Wanda yake son gefen ya ɗore sai ya zazzage tukunyar, ya kakkaɓe ƙasar, ya nemi kaurin karan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa yana haɗa uwa da 'ya'yanta, ya raba shi da wuƙa ta yadda kowane ɗa zai tafi da saiwarsa. Wannan hanya ba ta ba da tsirrai da yawa a lokaci guda, amma ita kaɗai ce take riƙe launin.

Ga tsirrai masu yaɗo kuwa, wanda ya taɓa ganin dashen rake ya riga ya san rabin aikin, domin manomi ba ya duba tsawon sanda, gaɓa yake dubawa da idon da ke jikinta, tunda daga nan sabon rake zai fito. A Monstera da Pothos da Philodendron ma ido yana nan a gaɓa, dab da inda hannun ganye ya haɗu da kara, wani lokaci ɗan kumburi ne kawai da sai an kusanto da fuska za a gan shi. Ganyen da aka yanke ba tare da gaɓa ba zai iya daɗewa a ruwa yana sheƙi, amma ba zai taɓa zama tsiro ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne karan kansa yana da ratsi. Idan aka juya karan Monstera mai fari a hasken taga, za a ga layuka farare da koraye suna bin tsawonsa, wasu siraran gaske, wasu masu faɗi. Gaɓar da ta dace a yanka ita ce wadda layin fari da layin kore suka ratsa ta kan idonta tare. Idon da ya zauna a tsakiyar kore zalla kore zai bayar, komai kyawun ganyen da ke samansa, wanda ya zauna a kan fari zalla kuma zai fitar da farin toho wanda ba zai iya ciyar da kansa ba. Wani dattijo mai furanni da nake saya a wurinsa yakan ɗaga ganyen gefe da bayan hannu, ya sa babban yatsa a kan gaɓar, sa'an nan ya faɗi kuɗin yankan, kuma na fahimci cewa abin da ke ƙarƙashin yatsan nan yake sayarwa.

Yankan kansa ba shi da wuya. Ina amfani da sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi da na goge da sifirit, in yanka kamar santimita biyu a ƙasan gaɓa, in bar ganye ɗaya mai isasshen kore, in kuma akwai saiwar iska a jikin gaɓar in bar ta, domin tana saurin zama saiwar ƙasa. Mai kaurin kara irin Monstera nakan bar shi a inuwa na 'yan sa'o'i bakin yankan ya bushe, moɗa kuwa kwana ɗaya ko biyu. A garin da danshin iska yake da yawa kamar Legas, ruɓewa ita ce babbar abokiyar gaba, kuma farin ɓangaren kara ya fi saurin ruɓewa.

Sanya yanka a kwalbar ruwa yana da amfani, musamman ga sabon shiga, saboda ana ganin saiwa tana fitowa, ana kuma ganin baƙin ruɓa da zarar ya fara. Gaɓar kaɗai za ta nutse, ganye ya tsaya a sama. Amma a nan dole a riƙa sauya ruwan duk bayan kwana uku ko huɗu, domin ruwan da ya kwanta a ɗaki ko baranda wurin ƙyanƙyasar sauro ne, kuma a zafinmu ba ya wuce mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwai ya zama sauro mai tashi. Ruwan burtsatse a wasu unguwannin da ke kusa da teku yana da gishiri, wanda yake ƙona bakin farin ganye, shi ya sa nake tara ruwan sama a rufaffen bokiti saboda tsirrai. Idan saiwar ta kai kamar santimita biyar sai a mayar da yankan tukunya. Ƙasar da nake haɗawa mai sakwa-sakwa ce: yankakken ɓawon kwakwa, wanda ba ya wuyar samu tunda Badagry tana kusa, da gutsattsarin gawayi, da yashi mai tsakuwa, da ɗan ruɓaɓɓen taki kaɗan. Ɓawon kwakwar nakan jiƙa shi in zubar da ruwan sau da yawa kafin in yi amfani da shi, saboda gishirin da ke jikinsa. Baƙar ƙasa zalla tana riƙe ruwa fiye da kima, tukunyar da ba ta da huji a gindi kuma ba ta da amfani ko kaɗan.

Lokacin da na fi so shi ne farkon damina, daga Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da iska take da laima, tsirrai kuma suke cikin ƙarfin toho. A tsakiyar ruwan Yuni da Yuli sai a janye sababbin dashe daga inda ruwan sama zai yi ta dukansu. A hunturu kuwa, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, iska takan bushe, ƙura ta kwanta a ganye, sai a rufe yankan da farar leda mai 'yan huji, a riƙa goge manyan ganye da jiƙaƙƙen tsumma.

Bayan dashe ya kama, abu biyu ne suke riƙe ratsi, haske da wuƙa. Haske ba ya ƙirƙirar fari a inda babu shi, duk reshen da ya koma kore gaba ɗaya ba zai dawo ba don an fitar da shi rana. Abin da haske yake yi shi ne ya ba ɗan koren da ke jikin ganyen damar ciyar da tsiron duka. A ɗaki mai duhu, irin ɗakunan da yawancinmu muke haya inda ginin maƙwabci ya tare taga, tsiro mai ratsi yana ramewa, duk reshen da ya fi kore kuma sai ya tsere wa sauran. Pothos, wanda ake kira tsiron kuɗi, yana nuna wannan a fili, domin a lungu sababbin ganyensa ƙanana ne masu ƙarancin ruwan ɗorawa, a kusa da taga kuma su faɗaɗa su yi zane. A ɗaya gefen, ranar tsaka ta Legas tana ƙona fari cikin yini ɗaya, ya koma ruwan ƙasa ya bushe. Taga ko baranda mai fuskantar gabas ita ce ta fi dacewa, ta yamma kuma sai da siririn labule. Ya kamata a tuna cewa muna kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, saboda haka rana takan karkata arewa a tsakiyar shekara, ta karkata kudu a ƙarshenta, tagar da take inuwa a Yuni tana iya zama mai zafin rana a Disamba.

Wuƙa ita ce abin da mutane suka fi jin nauyin ɗauka, ni kuwa ina ganin ita ce ta fi muhimmanci. Idan reshe ya fitar da koren ganye biyu ko uku a jere, kuma aka duba karan aka ga fararen layukan sun ƙare, sai a bi shi baya har zuwa gaɓa ta ƙarshe mai ratsi, a yanke a samanta kaɗan, domin idon da ke wurin ya farka. In aka bar koren reshen don tausayi, zai fi sauran saurin girma, ya yi musu inuwa, cikin 'yan watanni ya mamaye tukunyar. Haka ma reshen da ya shiga fitar da fararen ganye zalla, duk da cewa shi ne ya fi ɗaukar ido, nauyi ne a kan tsiron, kuma yanke shi ya fi alheri. Ganyen da nake so in gani shi ne wanda fari ya barbazu a cikinsa, kore kuma ya kai rabi ko fiye. Taki ma kaɗan ya isa, tunda waɗannan tsirrai ba sa saurin girma, yawansa kuma ƙona saiwa da bakin ganye yake yi.

Tsadar waɗannan tsirrai ta samo asali ne daga wannan jinkiri da rashin tabbas. A watan Yuni na 2021 an sayar da wani tsiron Rhaphidophora mai ratsin fari a ƙasar New Zealand a kan dalar ƙasar 27,100. Inda kuɗi ya kai haka ba a rasa algus, kuma an taɓa cika kasuwannin duniya da wani Philodendron da ake kira Pink Congo, wanda sinadari aka sa masa ya yi ruwan hoda, bayan 'yan watanni ya koma kore. Wanda yake son Monstera mai ratsi ba tare da fargaba ba ya nemi nau'in Thai Constellation, wanda ake yaɗawa a ɗakin gwaji, domin ratsinsa ya fi tsayawa a kan na Albo, wato Monstera mai ratsin fari da na ambata a baya. Akwai kuma dabbare-dabbaren da cuta ce, irin wadda manoma suka sani a ganyen rogo, inda ganyen yake yin ɗorawa-ɗorawa ya kuma yamutse. Lafiyayyen ratsi galibi ba ya yamutsa ganye haka, don haka duk tsiron da zanensa ya zo da yamutsewa da tsumburewa kada a yanki dashe daga gare shi, kada kuma a taɓa wani tsiro da rezar da ta taɓa shi.

Masu ƙananan yara a gida su sani cewa ruwan jikin Dieffenbachia da Pothos da Monstera da Philodendron yana ƙona baki da maƙogwaro idan aka tauna, yana kuma sa ƙaiƙayi a fatar wasu. Kwalaben dashe a ɗora su inda hannun yaro ba ya kaiwa, a kwashe guntayen da aka yanke nan take, a wanke hannu da sabulu bayan an gama aiki.