Asabar a gareji: sitiyari na rawa, gaba na gurnani

Yau duk yinin a kan mota ya ƙare, abin da na tsara yi da yamma ko ɗaya ban taɓa ba.

Da safe muka kama hanyar Kura ɗaurin auren ƙanin wani abokin aikina, ni da abokin nawa da wani maƙocinsa a baya. A cikin gari motar nan lafiyarta ƙalau, to dama ina za ka samu filin gudu tsakanin 'yan adaidaita da cunkoson Na'ibawa, in ka kai 50 ma sai godiya. Sai da muka bar gari titin Zariya ya buɗe, kwalta sumul tunda aka gyara shi, na ɗan taka, allura na kaiwa wajen 90 kawai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna. Ba wai motar na fizga gefe ba, a'a, rawa ce ƙanana-ƙanana da sauri har agogon hannuna na motsi, in na sauko ƙasa da 70 kuma sai ta ɗauke ɗif. Ga wani gurnani daga gaba, wuuuu, irin na injin markaɗe in kana jiyo shi daga bayan layi, shi tun daga 60 yake farawa kuma baya ɗaukewa, ƙaruwa ma yake da gudu.

Abokina ko tunani bai yi ba yace alaimen ne, wato saitin tsayuwar tayoyi. Na baya yace shoka. A wajen ɗaurin aure kafin a shafa fatiha an samu wanda ya rantse injin sit ne, robar nan da inji ke zaune a kai, alhali ko motar bai gani ba. Mu dai kowa bakanike ne in motar ba tasa ba ce.

Su sun tsaya walima, ni na juyo ni kaɗai, sai na samu damar saurare da kyau. Ina kan 90 na ɗaga ƙafa daga totur, kukan inji ya sauka amma rawar da gurnanin suna nan yadda suke, kenan ba inji ba ne, abin da ke juyawa tare da taya ne. Na taka birki a hankali, feda bai buga min ƙafa ba kuma rawar bata ƙaru ba, da diskin birki ne ya lanƙwashe ai lokacin taka birki zai nuna kansa. Kujera kuma shiru, sitiyari ne kaɗai ke yi, wato daga gaba abin yake. Iya nan ilimina ya tsaya.

Bayan azahar na shiga garejin da nake kai ta a wajen Unguwa Uku. Ogan wajen dattijo ne, abin da yasa bana canza shi kuwa baya ɗaukar sifana sai ya ji da kunnensa. Na fara zuba masa bayani ya ɗaga min hannu.

"Alhaji kawo makulli, zagaya ka zauna."

Muka hau baifas ta wajen Hotoro. Ya ɗage gilasai, ya kashe rediyo da fanka, ya jira sai da hanya ta yi sarari sannan ya ɗan karkata sitiyari hagu a hankali, gurnanin ya ƙaru sosai. Ya dawo da shi dama, ya ragu har kusan ya ɓace. Ya sake, haka dai.

"Ka ji?"

"Na ji Oga, amma me kenan?"

Yace in ka karya hagu nauyin mota kan tayar dama yake komawa, to boris, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, wanda aka ɗora wa nauyi ya ƙara kuka shi ne mai ciwon, yawanci dai, don wani lokaci yakan yaudari mutum shi yasa sai an ɗaga an taɓa. Sannan ya ƙara gudu har sitiyarin ya fara abin nasa, ya sassauta riƙo yana kallonsa, yace wannan kuma daban, ciwo biyu ne a motarka Alhaji, kukan na boris ne, rawar ta taya ce.

Nace to alaimen ɗin da kowa ke faɗa fa? Dariya ya yi. Yace alaimen in ya ɓaci mota ce za ta riƙa ja gefe, ko sitiyari ya zauna a karkace kana tafiya miƙe, ko taya ta cinye ta baki ɗaya ta bar ɗayan. Amma rawar da ke zuwa a wani gudu ta tafi a wani, wannan nauyin taya ne bai daidaita ba ko ita kanta tayar ta daina zama da'ira. Gaskiya wannan maganar ta zauna min, don mutane nawa ne ke zuwa su biya kuɗin alaimen su fito motar na rawarta, sai a ce musu to shoka ce, a canza, sai a ce bushin, haka za a yi ta cire kaya masu lafiya ana sa sababbi har a dace.

Da muka dawo yaransa suka sa jak suka ɗaga gaban. Ya kama tayar dama sama da ƙasa ya girgiza, ba wasa. Ya kama ta gefe da gefe, nan ma ba wasa, yace tayirod da bol join, ƙarafan da ke haɗa taya da sitiyari da jikin mota, lafiya. Ya leƙa robar shaf, sandar da ke juya taya, bata yage ba, ba giris a watse, ya tambaye ni ko ina jin ƙas-ƙas-ƙas in na karya kwana sosai, nace a'a. Ni har na fara cewa to ai boris ɗin ma baya wasa, sai ya kamo hannuna ya ɗora a kan sifirin ɗin shoka, yace wa yaro juya. Wallahi tayar na juyawa na ji wani gurzo yana bin ƙarfen yana shigowa yatsuna, ƙir-ƙir-ƙir, kunne baya ji amma hannu na ji. Muka zagaya hagu aka yi haka, sumul ba komai. Ashe boris na iya lalacewa ya yi ta kuka tun kafin ya fara wasa, in ya kai ga wasa an jima da wuce wajen.

A hagun ne kuma aka kama ɗaya ɓarawon. Ya ajiye sifana a ƙasa dab da tayar, yaro ya juya, sai ga taya tana matsowa kusa da sifanar tana ja baya a kowane zagaye. Ya shafa da tafin hannu ya tsaya a wani waje, yace taɓa nan. Wani ɗan tudu ne a kan fuskar tayar, ido ba zai gani ba sai an nuna maka, wayar ciki ce ta saki. Ya tofa yawu ya goge gefen tayar da babban yatsa ya nuna min lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, 1816, wato sati na 18 na shekarar 2016 aka yi ta. Da ita na sayi motar, zanenta kuma har yanzu da saura shi yasa in ka kalle ta sai ka ce lafiya lau. Aka sa geji, iska 48, takardar da ke manne jikin ƙofar direba kuma 32 ta ce. Masu facin bakin titi da yawa haka suke dankara iska wai don mota ta yi sauƙin gudu, ga zafin kwaltar Kano da rana tsaka, ga tsohuwar roba, ga rami. Da na tuna yadda na taka ta da safe da mutum biyu a ciki sai da jikina ya yi sanyi.

Nace ba za a yi mata balansin, a liƙa wa wilin 'yar dalma nauyi ya daidaita, a lallaɓa ba? Yace injin balansin nauyi yake gyarawa, baya mayar da taya da'ira, ko dalma nawa aka liƙa mata tsallen na nan. Dole dai na sayi sababbi guda biyu don gaban ya zama iri ɗaya, aljihu ya ji jiki, na duba lambar shekara da kaina kafin a ɗaura. A wajen balansin aka ga wilin dama ma dalmarsa ta faɗi, ga tabon inda take, injin ya nemi giram 35 a gefe ɗaya. Wilin dai basu lanƙwashe ba, alhamdulillahi.

Muka sake hawa baifas bayan la'asar. 80, 90, 100, sitiyari tsit ko motsi. Gurnanin kuwa yana nan daram, har ya fi fitowa yanzu da rawar ta tafi.

Daga nan ya haɗa ni da babban yaronsa muka tsallaka gari zuwa Ƙofar Ruwa neman boris, cunkoso kam ba a magana. Mai shago ya fito da kala uku, kwalinsu kusan iri ɗaya kuɗinsu kuma nesa da juna, yaron ya juya kowanne a hannu ya duba rubutun jiki ya ture biyu gefe, yace Oga yace in aka kawo mai arha ba zai ɗaura ba. Aka yi ciniki, mai shagon na ta Allah ya kai kasuwa, daga ƙarshe dai ya sallama.

Irin motata boris ɗin gaba matse shi ake a cikin ƙarfen da ke riƙe da taya, sai an kwance an kai wajen mai injin matsi. Kafin mu dawo magariba ta kawo kai mutumin ya rufe. Wani yaro yace a buga da guduma mana a gama yau, Oga ya harare shi yace da guduma ake kashe sabon boris tun kafin ya taka titi, wata biyu ka dawo da kukan nan.

Nace to in tafi da ita gida in dawo Litinin? Yace cikin gari a hankali za ta kai, amma ban da titin Zariya, kuma shi da zan ji tasa in bar ta. Na bar ta. Adaidaita na hau zuwa gida, na tarar uwargida ta riga ta yi wa yayarta alkawarin gobe zan kai su Bichi dubiya, yanzu haka tana waya tana neman wanda zai ara mana mota.