Talata, ranar da sakamakon Mama ya fito

Yau da safe sakamakon gwajin Mama ya fito. Likita yace ƙodarta ta kusa daina aiki gaba ɗaya, dole a fara mata wankin ƙoda sau uku a sati, kowane zama kusan awa huɗu tana jone da na'ura. Ni dai ina tsaye ina ta gyaɗa kai kamar ina fahimta, alhali tun daga kalmar "dole" kunnena ya toshe.

Abin da ya fi ci min rai shine kwana 21 nayi ina azumi da addu'a kan gwajin nan, a zuciyata har na gama lissafi wai na yi nawa saura Allah ya yi nasa. Sai da muka fito na zauna a mota na ji haushi yana taso min, irin haushin wanda aka cuta a ciniki, anan na gane ashe ciniki nake yi da Ubangiji ina kiransa bangaskiya. Kunya ta kama ni amma haushin bai tafi ba.

Da rana wata 'yar'uwa daga coci ta zo dubiya, nasan da zuciya ɗaya ta zo, amma sai cewa tayi mu bincika ko akwai zunubin da ba a tuba ba a gidan. Haba! Nan take na tuna abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda yace uffan, kuma ni a ganina nan ne kaɗai suka yi masa amfani, suna buɗe baki suka ɓata komai. A sura 42 ta Littafin Ayuba ma su Allah ya tsawata wa, ba Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa ba. Ban faɗa mata ba dai, na yi godiya na raka ta ƙofa.

Mama kuwa ko a jikinta, ko dai ta iya ɓoyewa. Da yamma tace, "Ke 'yar nan, karanto min wurin Bulus da ƙayar nan." Na buɗe 2 Korintiyawa 12, sau uku Manzo Bulus ya roƙa a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar kuma tana nan daram. Nace to Mama shikenan mu daina roƙon warkarwa kenan? Ta harare ni tace wa ya gaya miki, ai Yesu ma a Getsamani sai da ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala kafin yace ba nufina ba sai naka, duk a addu'a ɗaya. Tace in ci gaba da roƙo, ita ma tana yi.

Yanzu dare ya yi tana barci. Na gwada faɗin "nufinka" ɗin nan, bakina ya faɗa amma zuciyata ta tsaya a rabi, sai na karanta Zabura 88 wadda ta ƙare da duhu ba tare da wani daɗin baki ba, ita ce ta dace da ni yau. Gobe ne zaman farko. Na saka bargo a jaka don ance ana jin sanyi a kan na'urar, alam kuma ƙarfe biyar.