Shaf ɗin Ya Iso, Boris Na Rawa

Talata. Hunturu ya kama sosai, yau sai da na ɗora rigar sanyi a kan jallabiya kafin na fita masallaci. Ina dawowa na ɗauki waya, don wanda ke hulɗa da Chaina ba shi da barcin safe. Sun riga mu da awa 7. Ƙarfe 6 na nan ƙarfe 1 na rana ce a can, kuma da 11 ta yi a Kano sun fara rufe ofis. Duk maganar da za a yi sai a matse ta tsakanin asuba da hantsi.

Saƙo biyu na tarar a WeChat, manhajar saƙo ta 'yan Chaina. Na farko daga ajan ɗina na Gwanzu, wai shaf ɗin gwaji da na sa a ƙera mini ya sauka tun jiya, in je shagon yaronsa in karɓa. Na biyu daga matar da ke kula da masu saye a masana'antar, tana tuna mini a karo na uku cewa hutun sabuwar shekararsu ya matso. Wannan ba barazana ba ce. Hutun kan faɗo tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ma'aikata su watse garuruwansu, masana'anta ta yi makonni a rufe. Wanda bai shigar da aikinsa layi da wuri ba sai dai ya rungumi haƙuri zuwa Maris.

Ga wanda bai san labarin ba: injin matsar man gyaɗa ne da ni, tsoho, ƙirar Indiya, na saye shi a hannu. Kamfanin da ya ƙera shi na rubuta musu har na gaji. Babban shaf ɗinsa, wanda ake jera dunƙulen ƙarafa masu murɗi a jikinsa suna matse gyaɗa, shi ne ya cinye. Sau biyu Baba mai injin sassaƙar ƙarfe ya yi mini wani da ƙarfen gatarin tirela, wato sandar da ke riƙe tayoyi, da muka samo a Ƙofar Ruwa. Hannun Baba ba shi da aibi, amma ƙarfen da ba ka san asalinsa ba ba ka san yadda za ka gasa shi ya yi tauri ba. Na farko ya yi wata huɗu ya lanƙwashe, na biyu ya tsage a gindin makulli, ɗan ƙarfen da ke kulle shaf da abin da ke juya shi. Shi ya sa na naɗe tsohon shaf na asali a buhu na aika Chaina, na ce a yi mini irinsa sak da ƙarfen 40Cr, a gasa shi, guda ɗaya tukuna in gani, sannan a yi shida tare da murɗaɗɗun.

Ƙarfe 9 na karɓo sabon shaf ɗin. Kuɗin jirgin sama kilo-kilo ake biya, kuma shaf ba auduga ba ne, sai da na ji a jikina. Amma da muka fasa akwatin katakon a shagon Baba, wallahi raina ya yi fari. An shafe shi da mai, an naɗe da takarda, sai ƙyalli yake. Yaran shago suka taru suna shafawa. Baba bai ce komai ba. Ya goge wajen zaman boris, zoben nan mai ƙwallaye da ke riƙe shaf yana juyawa, da gefen rigarsa, ya ɗauko sabon boris mai lamba 6310 daga kwali, ya zura.

Ya shige sulu, ba ko gardama.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai daidai ke nan. A'a. Ramin 6310 milimita 50 ne cif, kuma wajen zamansa a jikin shaf dole ya ɗara haka da ɗan abin da ido ba ya gani, ta yadda sai an ɗumama boris ɗin ko an tura shi da ƙarfi zai zauna. Baba ya riƙe shi da yatsu biyu ya girgiza, muka ji ƙas-ƙas. Ya ɗora ma'auni: 49.7. Ya miƙo mini in gani da idona, ya ce, "Alhaji, wannan in ka ɗaura shi, kwana nawa ne zai ci gidan boris ɗin ya haɗa da giyar injin."

Na duba agogo, 10 da rabi. Na koma gefe na rubuta saƙo mai zafi, na sa manhajar fassara ta juya, na tura wa matar masana'antar da bidiyon boris yana rawa. Har da cewa an yaudare ni, a dawo mini da kafin alƙalamina na kashi 30. Ban ji daɗin abin da na rubuta ba, amma na rubuta.

Minti goma ba a yi ba ta amso. Babu faɗa, babu dogon bayani. Hoto ne na tsohon shaf ɗina a kan teburinsu, ma'auni a maƙale a daidai wajen boris, allon yana nuna 49.7. Sai hoton saƙona na watan jiya, ta ja layi ja a ƙarƙashin inda na ce a yi irinsa sak. Ta ƙara da cewa a lokacin injiniyansu ya tambaya ko ina da zane mai awo, na ce a bi samfur kawai. Na haura sama na duba. Haka ne. Ranar ina Dawanau ana auna mini gyaɗa, na amsa a tsaye.

Wato shekara da shekaru boris yana cin wajen nan, ni kuma na aika musu ƙarfen da ciwonsa, suka kwafo har da ciwon. Na nuna wa Baba hoton. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ka kai wa tela yagaggiyar riga ka ce ya ɗinka irinta, ya yago maka sabuwa, sai ka ce ya cuce ka?" Na ba ta haƙuri kafin su tashi. Ta turo hoton babban yatsa.

Sauran yinin a kan benci muka yi shi. Na kira ɗan yayata da ke karatun injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha, ya zo da kwamfutarsa bayan azahar. Baba na aunawa, yaron na zanawa, ni ina riƙe da fitilar waya don an ɗauke wuta. Abin da ya ba ni sha'awa, Baba ba tsohon shaf ɗin yake bi ba, abokan zamansa yake aunawa: ramin boris, ramin giya, faɗin makulli, cikin murɗaɗɗun. Ya ce ƙarfe ba ya gaya maka yadda aka haife shi, sai dai maƙwabtansa su gaya maka. A wajen boris yaron ya rubuta 50 k6, ya ce da wannan alamar duk mai sassaƙar ƙarfe a duniya ya san iyakar abin da aka yarda ya ɗara. Suka ɗan yi musu a kan zaren notin ƙarshe, Baba ya dage na hagu ne, don kada juyin inji ya kwance shi. Aka ɗauko tsohon noti aka gwada, Baba ya yi gaskiya. "Kawu, da wannan ma ya wuce mu," in ji yaron. Muka rubuta taurin da ake so bayan gashi, da sharaɗin a turo takardar gwajin ƙarfe da bidiyon awo kafin in biya cikon kashi 70.

Ana cikin haka Baba ya kawo zancen kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da bai taɓa kammaluwa ba, kamar yadda ya saba. Tun 1979 aka fara ginin da Rashawa, yana saurayi, har yau yana tonon gatarin tirela a kasuwa. Ban tanka ba, don in aka biye masa sai magariba.

La'asar na biya Wapa wajen 'yan canji in ji farashi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 na daina yin lissafi da alƙalami, fensir nake sawa. Daga nan na kira ajan kan maganar jirgin ruwa. Kayana bai kai cika kwantena ba, don haka haɗaka za a yi da na wasu, a biya gwargwadon wurin da akwati ya ci, su ne da Form M, takardar shigo da kaya, da kwastam da komai. Ya ce in sa wata biyu a raina daga lodi zuwa Legas, sannan fitarwa daga tashar jirgin ruwa ta Apapa, sannan mota ta hauro Kano. Na tambaye shi tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023, ya ce kwantenarsu dai a Legas ake fasa ta.

Shaf ɗin yau kuma ba zai tafi a banza ba. Baba zai rage wajen ya sa masa zobe ya sassaƙe zuwa 50, mu lallaɓa da shi har na gaske su iso. Ya ce ba ya ɗaukar alkawarin ya wuce kakar bana.

Da dare uwargida ta tambaya ko ƙarfen Chaina ya yi. Na ce ya yi yadda na ce a yi shi. Ta dube ni, ta ajiye tuwo ta fita. Yaron ya turo zanen ƙarfe 10 saura, na karanta shi layi-layi sau biyu, na ga ya manta tsawon ramin makulli na biyu, ya gyara. Na tura. Ƙarfe 5 na asuba ce a can yanzu. Na saita agogo ƙarfe 2, lokacin da injiniyansu ke shiga ofis.