Idan Sabuwar Na'urar Gem Ta Fito, Mu Ne Ƙarshen Layi

Sana'ata sayar da na'urorin gem ce da gyaransu a Kano, kuma yawancin masu cinikina ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne, masu gidajen gem ne na cikin unguwa. Mutum ya kama shago, ya jera talabijin uku ko huɗu da benci, ya ajiye janareto a ƙofa, samari suna biya suna buga ƙwallo. Su ne ke sayen hannu da waya da faifai kusan kullum. Don haka idan aka ce Sony za ta fitar da sabuwar na'ura, tambayar da nake yi wa kaina ita ce yaushe za ta iso hannun irin waɗannan mutane, kuma nawa.

PlayStation 5 (PS5) ta Sony ta fito ranar 12 ga Nuwamba 2020 a Amurka da Japan da wasu 'yan ƙasashe, sannan ranar 19 ga watan a Turai da Gabas ta Tsakiya. Mai cin faifai dala 499, marar faifai dala 399. Microsoft ma ta riga ta da kwana biyu da Xbox Series X da Series S. Indiya sai Fabrairun 2021 ta samu, China kuwa sai Mayu. To idan ƙasashe masu mutum sama da biliyan sun jira, ina ga mu? Mu ba ma cikin jerin kwata-kwata. Duk PS5 da ta shigo kasuwarmu a lokacin, wani ne ya sayo ta a kanti a Dubai ko Ingila ko Amurka ya ɗauko ta a jaka.

Kuma can ɗin ma babu ita. Ƙwaƙwalwar na'urar ta kamfanin AMD ce, amma a masana'antar TSMC ta Taiwan ake buga ta, kuma masana'antar nan ita ke yi wa masu waya da kwamfuta da motoci aiki. Korona ta zaunar da duniya a gida, kowa yana neman abin da zai kalla ko ya buga, jiragen ruwa sun cunkushe a tashoshi. Ɗan abin da ya fito kuma sai 'yan kore suka wawashe shi da manhajar da ke cike oda a intanet kafin ɗan Adam ya gama rubuta sunansa, su sake sayarwa kusan ninki biyu. Mai kawo mini kaya daga Dubai daga hannunsu yake saya. Ya ɗora ribarsa, a biya kuɗin jirgi da na kwastam, ni ma in ɗora tawa, duk a kan dalar da muka saya a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano. Wani Alhaji ya zo zai saya wa ɗansa, ya buɗe waya ya nuna mini farashin Amurka, ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Na ce, "Alhaji, wannan farashin a rubuce kawai yake. Idan ka sami mai sayar maka a haka, ni ma sayo mini goma."

Abin da ya fi taɓa kasuwata ma ba PS5 ɗin ba ce. A wannan sana'a, ribarmu a fitowar sabuwar na'ura tana cikin tsohuwar. Da PS4 ta fito a 2013, Turawa suka riƙa rabuwa da PS3, kwantena suka cika kasuwar Alaba ta Legas da tokumbo, farashi ya faɗi, masu gidajen gem da ke kan PS2 suka matsa gaba. Haka muka saba. A wannan karon wanda bai sami sabuwa ba ai ba zai saki tsohuwa ba, sai PS4 tokumbo ta yi wuya ta kuma ƙi sauka. Sony kanta ta ci gaba da ƙera PS4 har cikin 2022 don toshe giɓin. Sai a Janairun 2023 shugaban sashen PlayStation na lokacin, Jim Ryan, ya fito ya ce ƙarancin ya zo ƙarshe. Kafin mu numfasa, a watan Yunin shekarar aka saki naira, dala ta tashi har ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga Dubai ta rufe wa 'yan Najeriya biza daga 2022 zuwa tsakiyar 2024, jirgin Emirates ma ya daina zuwa sai Oktoban 2024 ya dawo. Kaya ya wadata a duniya, kuɗin saye da hanyar ɗaukowa suka gagare mu.

Akwai kuma wahalar da ke zuwa bayan an saya. Idan ka zo buɗe asusun PlayStation ba za ka ga Najeriya a jerin ƙasashe ba. Afirka ta Kudu za ka gani. Dole mu buɗe wa mutum asusun Amurka ko Ingila, ya riƙa sayen katin kuɗi na ƙasar. Faifan kansa yana aiki a kowace na'ura, amma ƙarin kayan wasan da ake saye a intanet sai yankin faifan ya dace da na asusun. Sau da yawa yaro zai dawo yana cewa na sayar masa da jabu, alhali faifan Turai ya haɗa da asusun Amurka. Shi ya sa yanzu nake rubuta yankin da maka a bayan kwalin. Sabon wasa kuma yana neman sabuntawa ta gigabait masu yawa kafin ya tashi, sai mu kwana muna saukewa a shago lokacin da data ke da araha. Marar faifan nan mai sauƙin kuɗi ba na ba mai gidan gem shawarar ya saya, don ba zai iya musanya wasa ko sayen na hannu ba.

Ta fuskar wuta an sami sauƙi. PS2 ta farko mai kauri ta Amurka ko Japan wutar 110 take ci, wanda ya jona ta kai tsaye sai dai ya ji ƙauri. Ta yanzu tana karɓar daga 100 zuwa 240, amma hawa da saukar wutarmu na kashe ta, ga ƙurar hunturu. Idan ka zare farin murfin PS5 za ka ga ramuka biyu da aka yi don zuƙe ƙura. A Kano sukan cika taf, fanka ta yi nauyi, na'urar ta riƙa kashe kanta ana tsakiyar wasa. Garanti kuwa babu inda za ka kai ta a nan. Microsoft ta ware sama da dala biliyan ɗaya a 2007 don gyara Xbox 360 masu nuna jan zoben wuta, alamar sun lalace, amma wanda tasa ta mutu a Sabon Gari sai dai ya kawo wa irinmu mu buɗe.

Su ma kamfanonin ba su huta ba. A da na'ura tana tsufa tana araha. PS5 kuwa ƙara mata kuɗi aka yi a Turai da Japan a Agustan 2022, a Amurka kuma a Agustan 2025. Nintendo ta ɗage karɓar odar sabuwar na'urarta Switch 2 a Amurka daga 9 zuwa 24 ga Afrilu 2025 saboda harajin Trump, kuma a Japan ta fitar da wata mai rahusa da ke aiki da Japananci kaɗai, don kada 'yan kasuwa su kwashe zuwa waje saboda faɗuwar yen, kuɗin Japan. Duk da haka ta sayar da sama da miliyan 3.5 a kwana huɗu na farkon fitowarta. Ni dai ban kawo ta da yawa ba, don samarinmu ƙwallo suke bugawa, kuma a PlayStation suka saba. Har yau PS4 ce ke riƙe da yawancin gidajen gem da nake hulɗa da su, PS5 ɗaya ake ajiyewa a gaban babbar talabijin a caji kuɗi daban.