Minti arba'in kafin amsa ta dawo

A bayan ɗakin gwaje-gwajen makarantar da nake koyar da Fiziks a nan Zariya akwai wani sito mai ƙofar katako da 'yar taga ɗaya can sama. Wata Asabar cikin hunturu na shigar da yara shida 'yan aji biyar ciki da ƙarfe takwas na safe, na ce musu daga yanzu har La'asar ba a Zariya suke ba, suna duniyar Mars. Suka yi dariya, ni ma na yi. A raina wasan ƙungiyar kimiyya ne, mu ɗauki hotuna mu liƙa a allon sanarwa. Shugaban makaranta bai amince ba sai da ya tambaye ni sau biyu ko iska na shiga.

Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba, kuma bai kamata ta zame wa mutumin Zariya baƙuwa ba. Tun 1964 kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take garin nan. Wanda ya zauna Palladan ya san rurin ƙananan jiragen koyo, ya kuma ji labarin na'urar da ake zaunar da ɗalibi a ciki, tana ƙasa amma tana nuna masa kamar yana sama, a kashe masa inji da gangan a ga yadda zai yi. Atisayen 'yan sama jannati haka yake, sai dai ya fi tsawo nesa ba kusa ba. A Mosko an rufe mutum shida kwana 520, daga Yunin 2010 zuwa Nuwamban 2011: Rashawa uku, Bafaranshe, ɗan Italiya da ɗan China. A Hawai wasu shida sun yi shekara guda cikin wani ɗaki mai kama da ƙwarya a kife, a gefen dutsen Mauna Loa, daga 2015 zuwa 2016. A Houston mutum huɗu sun fito a Yulin 2024 bayan kwana 378 cikin gidan da na'ura ta gina musu layi bisa layi. Tun 2001 kuma hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fara saukar da mutanenta wani ɗaki a ƙarƙashin teku kusa da Florida, zurfin kusan mita 19, su kwana su tashi a can.

Abu ɗaya na aro daga masu kwaikwayon tafiya Mars, shi ne jinkirin saƙo. Saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya, amma tazarar da ke tsakaninmu da Mars takan sa ya ɗauki minti 3 in duniyoyin biyu sun kusanci juna, ya kai minti 22 in sun yi nisa. Wannan zuwa ne kawai, ban da dawowa. Ke nan babu zancen "ka ji ni?" da "na ji ka". Sai na kafa doka: su rubuta a takarda su turo ta ƙarƙashin ƙofa, ni kuma ba zan karanta ba sai bayan minti 20, in na rubuta amsa ta sake jiran wasu 20.

Sauran shirin ba wani abu ba ne. Jarkar ruwa ɗaya, ta sha da alwala. Garin kwaki, sukari, gyaɗa. Mai fita ɗebo samfurin ƙasa sai ya sa hular kwano da safar hannu, ya tsaya minti biyar a barandar da muka kira zaure kafin ya taka waje. Ƙurar hunturu ta taimaka mana, filin ƙwallo ya yi ja wur. Sai fitila mai batir, wadda na sassauta wata waya a cikin makunninta tun daren Juma'a.

Ƙarfe tara takarda ta farko ta fito. Da lokaci ya cika na buɗe, layi ɗaya ne: "Malam, fitila ta ƙi kamawa." Na rubuta, "Me kuka duba?" Tara da minti arba'in amsar ta shiga, na ji tsaki daga ciki har waje. Sun zauna cikin duhu minti arba'in suna jirana, abin da suka samu tambaya ce.

Daga nan aka fara gardama, ina jin komai ta katakon. Wani ya dage batir ne ya mutu. Wani ya ce a ɓalle ƙwan. Na ji suna shirin kwance abin da lafiyarsa ƙalau, ban san lokacin da na miƙe ba, hannuna har ya kai ga sakata. Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, wanda ya riga ni zuwa makarantar da shekaru masu yawa, yana zaune a benci yana jan carbi. Bai ɗago ba ya ce, "Malam, zauna. Ai ka ce ba sa duniyar nan." Na ce, "Baba, za su lalata fitilar." Ya ce, "To ta lalace mana. Nawa take?"

Na koma na zauna, kunya ta kama ni.

Takarda ta biyu shafi guda ce cif. Sun auna batir da mita, sun rubuta abin da ya nuna. Sun gwada ƙwan kai tsaye, ya kama. Suna zargin makunni. A ƙasa suka ƙara da cewa ba za su jira ni ba, za su buɗe shi, in akwai dalilin da zai hana in faɗa. Kafin amsata ta cika mintinta na ga haske ta ƙarƙashin ƙofa.

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, kuma ina alfahari da cewa ba a yi mini tambaya in yi shiru. Yaro bai rufe baki ba na ɗauki alli. Ina ganin hakan ƙwazo ne. A bencin nan na gane cewa yaran da nake yi wa faɗa kullum kan ba sa tunani, ni ne ban taɓa bar musu ko daƙiƙa goma su yi shi ba. Mun taso da cewa yaro ba ya yanke shawara ga babba a tsaye, kuma ban raina wannan ladabin ba, da shi aka rene ni. Amma ni na mayar da shi igiya. Sun saba cewa amsa tana bakina, don haka tambayarsu ma ba ta cika fitowa a kammale ba: "ta ƙi", "bai yi ba", "ban gane ba".

Daga baya na lura masu shirya irin wannan atisaye ba na ciki kaɗai suke horarwa ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kimanin kilomita 400 take sama da mu, magana na kaiwa nan take, jami'an da ke ƙasa su ke tsara wa 'yan sama jannati aikin yini kusan minti-minti. A tafiyar Mars wannan ba zai yiwu ba. Dole na ƙasa ya koyi rubuta umarni cikakke a karo ɗaya, ya kuma koyi haƙuri da shawarar da aka yanke ba tare da shi ba. Kujerar da na zauna ke nan ran Asabar ɗin, kuma da Baba bai tsawatar ba da na faɗi jarrabawar tun kafin hantsi.

Rigimar zaman tare ma ba ta bar mu ba. Da Azahar wani ya yi alwala kamar a bakin famfo, aka yi ta cacar baki kan ruwan da ya rage. Zo mu zauna, zo mu saɓa. A Arizona, mutum takwas da aka rufe cikin ginin gilashi na Biosphere 2 daga 1991 zuwa 1993 sun rabu gida biyu, ga yunwa, ga iskar shaƙa da ta ragu daga kashi 21 zuwa wajen 14 cikin ɗari. Na Mosko kuma kasala ce ta ci yawancinsu, motsi ya ragu, barci ya rikice. Namu awa shida kawai suka yi sito ya yi tsit. A cikin shirun ne wani ya turo tambayar ina alƙibla take ga wanda ke Mars. Na gaya masa cewa malaman Maleshiya sun rubuta wa ɗan ƙasarsu Sheikh Muszaphar Shukor jagora lokacin da ya je tashar sama cikin azumin 2007, inda rana ke fitowa sau 16 a yini. Ta Mars kuwa na ce ya kai wa malamin addini ran Litinin.

Wani abokin aikina ya ce duk wannan wasan yara ne, kuma yana da rabin gaskiya. Ba a iya rage wa mutum nauyinsa a cikin sito, alhali a Mars bai kai kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa na nan ba. Kowa kuma ya san ƙofa na buɗuwa. A Hawai ma a 2018 an dakatar da wani zango cikin 'yan kwanaki, aka kai ɗayansu asibiti. Ya ƙara da cewa mu da wutar lantarki ba ta ishe mu ba me ya kai mu Mars. Na tuna masa cewa Najeriya na da hukumar sararin samaniya tun 1999, an kuma harba mata tauraron ɗan Adam na farko a 2003. Ya ce wannan bai kawo wuta gidansa ba. Muka bar zancen a nan.

Yanzu in an yi tambaya a aji nakan duba agogo in yi shiru. Da wuya, bakina har ƙaiƙayi yake. Wani lokaci shirun ya tashi a banza, wani lokaci wani daga baya ya ba da amsa ba daidai ba, na kusa da shi ya gyara masa. Na ji suna cewa, "Malam ya tafi Mars."

Takardun ranar suna cikin durowata. Ta ƙarshe ta fito ƙarfe uku da rabi, na jira mintina ashirin na buɗe. An rubuta: "Malam, ba mu da tambaya. Garin kwaki dai ya ƙare."