Yatsun Ɗan Ƙanwata da Aikin Raba Su

Da aka haifi ɗan ƙanwata a Jega, yatsansa na tsakiya da na zobe a hannun dama manne suke da juna tun daga tushe har kusa da farce. Ranar suna kakarsa ta ce a bar wa wanzami ya tsaga su da aska, tunda a ganinta fata ce kawai, mu kuwa muka roƙe ta da ta yi haƙuri har likita ya gani a Birnin Kebbi.

Yatsun ɗan tayi a haɗe suke farawa, sai tsakanin mako na 6 da na 8 na ciki suke rabuwa, kuma a cikin kowace haihuwa 2,000 zuwa 3,000 akan sami jariri guda da rabuwar ba ta kammala ba. Hoton ƙashi ya nuna cewa nasa fata ce kaɗai ta haɗa su. A wasu yaran har ƙashi da farce suke haɗewa, aikin ya fi haka wuya.

Abin da askar wanzami ba za ta iya ba shi ne samar da fata, domin yatsu biyu da aka raba suna buƙatar fatar da ta fi wadda ta lulluɓe su a haɗe. Saboda haka da ya kai wata 18, likita ya yi yankan a karkace kamar haƙoran zarto, don miƙaƙƙen tabo yakan tsuke ya tanƙware yatsa, sannan ya ɗebo fata daga matsematsinsa ya cike giɓin. Da yatsu uku ne a haɗe, da sai an yi aikin sau biyu, gudun kada jini ya yanke wa na tsakiyar.

Wahalar ta fi yawa bayan an sallame su. Yaro mai ƙiriniya cikin zafin bazara, hannu a ɗaure har gwiwa makonni uku, uwarsa na gadinsa kada ya tsoma shi a randa. Duk da haka gefe guda ya yi ruwa, sai da aka yi ta wanki kafin ya kama. Fatar da aka dasa ta fi ta kewayenta duhu, kuma yayin da yaro ke girma fatar tsakanin yatsun takan sake hawowa, har wani lokaci a koma tiyata, shi ya sa har yanzu ake kai shi dubawa.

Yatsun ƙafarsa na biyu da na uku ma a manne suke, amma likita ya ce a bar su, tunda ba sa hana shi tafiya ko sa takalmi.